Abin Da Muka Gano A Bisa Tsaunin Mambila

(Jawabin da tawagar ziyarar reshen Gembu ta gabatar a gaban babban taron shekara-shekara na ƙungiya, kashegarin Babbar Salla)



Mu huɗu aka aika, kuma da bakin mu huɗun ne za a yi wannan bayani. Kamar yadda mafi yawanku za su iya tunawa, a taron bara ma'aji ya miƙe ya karanta sunayen rassan da suka biya kuɗin shekara, sai aka ji babu reshen Gembu, karo na uku ke nan a jere. Nan take wasu suka kawo shawarar a soke sunansu daga littafi. Ana cikin haka ne ɗaya daga cikin iyayenmu ya yi wata tambaya da ta sa wuri ya yi tsit. Ya ce, a cikin duk waɗanda ke zaune a nan, wa ya taɓa taka Gembu da ƙafarsa? Ba a ga hannu ko ɗaya ba. Fiye da shekara ashirin mutanen nan suna aiko da kuɗinsu, muna karɓa muna rubuta rasit, amma ba mu san ko ƙofar gidan ɗayansu gabas take kallo ko yamma ba. Dattijon ya tuna mana cewa zumunta a ƙafa take, taro kuwa ya amince a tura tawaga. Yau mun zo mu mayar da saƙo.

Mun bar gida a watan Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, domin haka 'yan'uwanmu na can suka ba mu shawara ta waya. Daga Kano muka bi ta Gombe da Kaltungo, muka haye Binuwai a Numan, muka kwana Jalingo, babban birnin Jihar Taraba. Ba za mu ɓata muku lokaci da wannan ɓangaren ba, hanya ce da direbobinmu da dama suka sani. Tafiyar gaske kashegari ta fara, lokacin da muka miƙi hanyar kudu ta Garba Chede da Bali. Tun daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Ciyawa ta fi tsawon mutum, duwatsu suka fara matsowa kusa da hanya, kowane ɗan lokaci kuma sai mu haye wani rafi mai gudu. Wanda ya tashi a inda rafi ke ƙafewa mako biyu bayan ruwan ƙarshe, ganin ruwa na gudu a Nuwamba kamar tsakiyar Agusta ya ishe shi abin mamaki.

Amma a wannan hanyar ne muka ga abin da ya fara sanyaya mana jiki. Duk inda muka waiga, kututture ne a tsakanin ciyawa. Direbanmu, wanda ɗan yankin ne, ya ce ai ragowar cinikin madobiya ne, itacen da 'yan katako suka laƙaba wa suna Madrid. A tsakiyar shekarun 2010 aka yi rububinsa a Taraba, ana sara ana loda wa manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga can sai ƙasar Sin, inda ake ƙera kujeru da gadaje masu tsada da shi. Abin ya kai har a shekarar 2016 aka sanya madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa ido a kan cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Makiyayi ya san darajar madobiya fiye da kowa, domin ganyenta ne abincin shanu idan rani ya tsananta. Ba za mu ɓoye ba, muna cikin motar nan muka dubi juna, saboda dukanmu mun san gidaje a garin nan da aka yi wa rufin kwano da kuɗin jigilar wannan itace. Ba mu kama sunan kowa ba a can, ba za mu kama a nan ba.

Da la'asar muka isa Serti, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka, inda fadar Lamɗon Gashaka take. A nan ne kuma babban ofishin Gandun Daji na Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola. Shi ne mafi girma a duk gandayen dajin tarayya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa daga Taraba har cikin Adamawa. Ba ya cikin shirinmu mu shiga, to amma wani ɗan garinmu mai shagon kayan masarufi a Serti ya rantse ba za mu wuce ba sai mun ga ƙauyen Gashaka. Muka yanki takardar izini, aka haɗa mu da ma'aikacin gandu, muka bi jan turɓaya zuwa kogin da ake kira Mayo Kam.

'Yan'uwa, mun sha jin kalmar kurmi tun muna yara, har muna kiran 'yan itatuwan bayan garinmu da ita. A ranar ne muka san abin da ake nufi da ita. Itatuwa ne waɗanda sai ka cire hula kafin ka ga ƙarshensu, sun haɗe kai a sama har rana ba ta samun wurin saukowa sai ɗigo-ɗigo. Da tsakar rana ne, amma a ciki kamar bayan magariba. Ƙasa a jiƙe take, ganye ya ruɓe bisa ganye, idan ka taka sai ka ji kamar katifa. Babu shiru ko na ƙiftawar ido: kukan tsuntsaye, ƙarar ƙwari, da motsin birai a can bisa rassa. Mun ga garken gwaggon biri sun tsallaka hanya ba su ko damu da mu ba, mun ga wani baƙin biri mai farin gashi a kafaɗa kamar ya yafa alkyabba, an kuma nuna mana sawun ɓauna a bakin ruwa. Birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi yana cikin dajin, kuma saboda shi ne masu bincike daga wata jami'ar Landan suka kafa sansani a wurin tun shekarar 2000. Mu dai ba mu gan shi ba, kuma sakatarenmu ya ce shi bai ji haushin hakan ba ko kaɗan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bayanin ma'aikacin gandun, saurayi ne wanda bai wuce sa'ar 'ya'yanmu ba. Ya durƙusa a bakin wani ɗan ƙorama, ya kamfaci ruwa garau da tafin hannu, ya ce, “Baba, kun ga wannan? Ruwan damina ne, daji ya ajiye mana.” Ya yi mana bayani cewa idan ruwan sama ya sauka a kan kurmi, ganye ne ke tare ƙarfinsa, ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa ya shanye shi, saiwoyi su buɗa masa hanya ya nutse, sa'an nan ƙasa ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har rani ya fita. Inda aka share itatuwa kuwa, ruwan yini guda yake gangarewa gaba ɗaya, ya tafi da ƙasar noma, ya bar kwazazzabo. Ƙoramun wannan daji su ke ciyar da Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lokoja. Wato mai noman rani a can ƙasa yana cin albarkacin itacen da bai taɓa gani ba. Kusa da ƙauyen an nuna mana kufan wata tsohuwar ganuwar dutse ta zamanin Jamusawa, itatuwa sun tsiro a tsakiyarta. A can gabas kuma, kan iyaka da Kamaru, tsaunin Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, babu wanda ya kai shi a duk faɗin Nijeriya.

Kwana biyu muka yi a Serti, sa'an nan muka nufi Mayo Selbe, garin da ke gindin dutse. Daga nan ake fara hawa. Duk abin da aka ba ku labari game da wannan hawan, ku yarda. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse, tana nannaɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami marar iyaka a ɗaya hannun. Mota ba ta fita daga giya ta ɗaya da ta biyu. Kunnuwanmu suka toshe, injin ya yi zafi har sai da muka tsaya aka ba shi ruwa. Ɗaya daga cikinmu, wanda kowa ya san shi da yawan magana a wannan taro, bai ce uffan ba tun daga ƙasa har sama, in ban da salati. Muna cikin tafiya sai gajimare ya sauko ya rufe hanya, direba ya kunna fitila da hantsi. Da muka fito daga cikinsa, muka waiga, sai ga gajimaren a ƙarƙashinmu.

Mun zaci a bisa dutsen za mu tarar da kurmin da ya fi na ƙasa duhu. Sai muka tarar da akasin haka. Tuddai ne masu laushi, kore shar, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganin ido, ba itace sai jefi-jefi a cikin kwari, ga garkunan jajayen shanu masu dogayen ƙaho sun bazu a kai. Tudun Mambila ke nan, wanda tsayinsa daga doron teku ya kai kimanin mita 1,600. Sanyinsa ya hana tsando zama, shi ya sa Fulani suka hau da dukiyarsu suka zauna. Mu da muka taho da 'yan riguna marasa nauyi, muna taƙama da cewa mun san hunturu, ba mu wuce Nguroje ba sai da muka tsaya a wurin masu gwanjo kowa ya sayi rigar sanyi. Idan ma'aji ya ga wannan a cikin lissafin da muka miƙa, to ga dalilinsa.

Tsakanin Maisamari da Nguroje, kusa da wani ƙauye mai suna Yelwa, akwai wani wuri da muke so ku riƙe sunansa, domin za mu komo kansa. Ngel Nyaki ake ce masa. Ragowar kurmin tsauni ne, ɗan kaɗan da ya tsira a gefen gangare, kuma har yanzu akwai cimfanzi a ciki. Wata malama daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, Hazel Chapman, ta kafa cibiyar bincike a wurin, kuma yawancin ma'aikatanta 'ya'yan ƙauyen ne. Abokan gabar wannan kurmi biyu ne: wutar da ake cinna wa ciyawa da rani don sabon toho ya fito, da kofaton shanu da ke tattake ƙananan tsirrai a bakin daji. Abin da suka yi bai wuce su kewaye wasu filaye na gefen kurmin da waya, su share layin tare gobara ba. Tsuntsaye da birai suka ci 'ya'yan itace a ciki, suka yar da ƙwallon a waje. Muka tsaya a bakin wayar, muka ga da idonmu: nan ciyawa ce ƙanƙanuwa da jar ƙasa, taku ɗaya a can kuma matasan itatuwa ne sun fi mu tsawo. Suna kuma renon dashe suna ƙarawa, amma babban aikin, inji su, hana wuta da hana kiwo ne.

Mun ratsa Kakara mun ga gonakin shayi, an jera su a jikin tudu kamar an shimfiɗa darduma. Tun shekarun 1970 ake noman shayi a nan, kuma daga nan ne Highland Tea ke fitowa. Mata da maza da kwanduna a baya suna tsinkar toho, ganye biyu da ɗan kan da ke tsakiya, ana kai wa masana'anta. Wani ɗan ƙaramin dam da ke kusa ne ke ba masana'antar wuta. Ganin wannan ya sa muka yi tambaya game da babban dam ɗin Mambila, wanda muke jin labarinsa a rediyo tun muna samari. A 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar gina shi a kan dala biliyan 5.79, da alkawarin megawat 3,050. Da muka tambayi wani mai shayi ina ne wurin aikin, sai ya yi dariya, ya ce mu da muka zo daga birni ai mu ne za mu ba shi labari.

Da yamma lis muka shiga Gembu. Gari ne da ya zauna a kan tudu, Kogin Donga na kwance a ƙarƙashinsa, gidaje masu jan bulo da rufin kwano sun bi gangare, ko'ina ka duba layin dogayen itatuwan turare ne, waɗanda a can ake kira zaiti. Kasuwarsa cike take da masara da gwaza da ayaba da fiya da dankalin Turawa da zuma, fiyar da muke saye ɗaya-ɗaya a nan, a can tsibi ake kasawa. Mambila ne masu ƙasa, ga Kaka da Fulani da Panso da Kambu da Hausawa da sauransu, kuma Fulatanci ne ya fi yawo a kasuwa, Hausa na biye. Gembu ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, kuma wannan suna yana da tarihi da ya kamata yaranmu su sani. Yankin nan a da yana cikin Kamaru ta Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙon amana. A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya, suka shigo ranar 1 ga Yuni na shekarar, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna saboda Sa Ahmadu Bello. Hausawa kuwa sun riga wannan duka sanin hanyar, fataucin goro ne ya kai kakanninmu waɗannan tsaunuka.

'Yan'uwanmu sun tarbe mu tarba irin wadda ta sa muka ji kunya. Gida goma sha bakwai ne, akwai mahauta, da teloli, da masu shago, da direbobi, da malamin firamare guda. Aka yanka rago, aka hura mana gawayi a ɗaki, aka lulluɓe mu da barguna. Sai da aka kwana biyu ba wanda ya ɗaga maganar kuɗi. A dare na uku, bayan lisha, aka taru a zauren dattijon da ke jagorantarsu, mutum ne da ya haura tamanin, ya bar garin nan tun kafin a haifi uku daga cikinmu. Ya sa aka kawo wata tsohuwar jaka, ya juye ta a gabanmu. Rasit ɗinmu ne, na shekara da shekaru, ba wanda ya ɓata. Ya ce, “'Ya'yana, ba talauci ne ya hana mu biya ba.”

Ya lissafa mana abu uku, kuma za mu faɗe su yadda ya faɗa. Na farko, lokacin da rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke a tudun a watan Yuni na 2017, aka yi asarar rayuka da dukiya, sun kwana da yawa a tsorace, ba wanda ya kira daga gida ya ji ko suna raye. Na biyu, da limaminsu ya rasu, mutumin da ya kafa reshen da hannunsa, ta'aziyyar da suka samu daga ƙungiya saƙon waya ne layi biyu. Na uku shi ne ya fi yi musu ciwo. 'Ya'yansu da aka haifa a can, idan sun zo neman gurbin karatu ko aikin gwamnati, akan nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. A can a ce musu baƙi ne. Su yi tafiyar kwana biyu su zo nan, a ce ba a san su ba, su kawo wanda zai tsaya musu. Yara biyu sun rasa gurbi ta haka. Muka sunkuyar da kai. Babbanmu ya ce, “Baba, mun yi laifi, ba mu da ta cewa, a yafe mana.” Ba mu yi wani alkawari da sunan ƙungiya ba, tunda ba a ba mu wannan iko ba, illa dai mun ce za mu faɗa a gaban Hakimi, ga shi kuwa mun faɗa.

Muna tsammanin magana ta ƙare, sai dattijon ya gyara zama ya ce, “To, ina labarin kurmin bayan gari? Mun ji an ce za ku yanka shi fuloti.” Ashe labari ya riga mu hawa dutsen. Muka ce e, akwai shawara a gaban taro cewa a share shi, a fitar da filaye a sayar, a gina ɗakin taro da kuɗin. Ya yi shiru, sa'an nan ya fara kiran itatuwan wurin ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran sunan 'yan'uwansa: tsamiyar da ke bakin hanyar makabarta, kanya biyu da ke kusa da tsohuwar rijiya, ɓauren da ake ɗaure jakuna a gindinsa, marken da ke gefen fadama. Wasu daga cikinsu mun san an daɗe da sare su, amma ba mu iya gaya masa ba. Ya ce a zamaninsu ko busasshen reshe ba a ɗauka a wurin sai da izinin Sarkin Dawa, kuma rijiyoyin fadama da guga mai gajeriyar igiya ake ɗiba.

Kashegari ya sa jikansa ya kai mu bayan Gembu, ya nuna mana maɓuɓɓuga biyu. Ɗaya tana cikin kwari wanda aka bar masa itatuwansa na asali, ruwa na fita, mata na ɗiba. Ɗayar an share kanta an yi gona, an kuma dasa zaiti har bakinta, ba komai a ciki sai busasshen taɓo. Mutanen wurin sun ce zaiti na da amfani, shi ne katakonsu, shi ne makamashinsu, amma yana da shan ruwa, kuma inda aka dasa shi a kan idon ruwa, idon kan rufe. Ko a ƙasar da ake ruwa wata bakwai ko takwas a shekara, an kashe maɓuɓɓuga da gatari. Yaron ya ce kakansa ya ce a tambaye mu, mu da ruwanmu bai fi na wata huɗu ba, da me muka dogara?

Ranka ya daɗe, ba mu zo mu ci mutuncin masu shawarar sayar da filin ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Ga mu nan zaune a ƙarƙashin rumfar haya, kuma kowace shekara haka muke biya. Gari ya cika, samari na neman inda za su yi gini, wurin kuma ya zama juji da maɓoyar ɓata-gari. Duk gaskiya ne. Ba kuma za mu ce yashin ƙasarmu ɗaya yake da jar ƙasar Mambila ba, ko kuma waya kaɗai za ta mayar da rijiyoyinmu yadda suke a da, domin yawan burtsatse da ƙarancin damina su ma suna da hannu. Amma wanda ke ganin dabarar Ngel Nyaki ta ƙasar ruwa ce kawai, ya leƙa maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma a can suka daina tumɓuke tohon da ke fita daga kututture, suna zaɓar mai ƙarfi su gyara shi su bar shi ya girma, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa suka dawo a kimanin hekta miliyan 5. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa. Kututturan kurminmu da yawa ba su mutu ba, mun je mun duba bayan dawowarmu, awaki ne ke cinye tohon duk lokacin da ya leƙo.

Ra'ayinmu, mu huɗu, shi ne kada a sayar. Ɗakin taro idan bai samu bana ba zai samu baɗi, ko a filin da ke kusa da tsohuwar tasha, amma tsamiyar da ta shekara ɗari ba ta da kasuwar da za a sayo ta. Muna roƙon a jingine shawarar fuloti na tsawon damina uku, a kewaye wurin, a kwashe juji, a ɗauki mai gadi, a kuma sa malaman makarantar sakandare su riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyi uku na fadama duk wata suna rubutawa, domin idan an dawo kan maganar a dawo da lissafi a hannu. Game da takardar shaida kuwa, muna roƙon Hakimi ya amince a buɗe rajista ta 'ya'yan rassa na nesa, da sunan uba da kaka da unguwa, a ajiye kwafi a fada, yadda yaron da ya sauko daga Gembu ba zai tsaya a ƙofar ofis yana neman wanda ya san shi ba. Sa'an nan a sa ziyarar rassa cikin kasafin kowace shekara, reshe ɗaya a shekara ma ya isa a fara.

Ranar da za mu taho, dattijon ya rako mu har tasha duk da sanyin asuba. Ya damƙa mana ƙullin ganyen shayi da galan na zuma, ya ce a kai wa Hakimi. Ya kuma ba mu ambulan biyu. Ta farko bashin shekara uku ne cif, mun miƙa wa ma'aji, ya ba da rasit. Ta biyu karo-karo ne da gidaje goma sha bakwai ɗin nan suka yi, ya ce kuɗin waya ne da turaku na kewaye kurmi, idan taro ya amince a kewaye. Idan kuwa taro ya zaɓi sayarwa, to a mayar musu da abinsu, ba su da rabo a ɗakin da za a gina. Ga ambulan ɗin nan a rufe yadda aka ba mu, muna ajiye ta a gaban shugaba.

Shi Baba jiki bai bar shi ya yi tafiyar ba, amma ya turo wakilai biyu, ɗansa da jikan nan nasa da ya kai mu maɓuɓɓuga, wanda wannan ne zuwansa na farko garin kakanninsa. Ga su can a layi na uku, su ne waɗanda tun safe suke fifita da takardar ajanda saboda zafinmu ya yi musu yawa. Shugaba, muna roƙon a ba su dama su yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a.